Elite One: ma'anar sunan da ƙungiyoyin da suka taɓa zama a cikinta

A teburin mai shayi a Garwa na ji wani saurayi yana musu da kawunsa. Yaron ya ce Oryx ta Duwala ba ƙungiyar Elite One ba ce, domin shi tun da ya yi wayo bai taɓa ganin sunanta a teburin gasa ba. Dattijon ya ajiye kofinsa ya ce, "Kai yaro, ranar da Oryx ta ɗauko kofin Afirka ko babanka bai fara tafiya ba." Yaron ya ce, "Kawu, ai ni maganar bana nake yi." Duka biyun suna da gaskiya, kuma saɓaninsu daga sunan nan ya taso, wanda kullum muke ji a rediyo amma ba kowa ya tsaya ya warware shi ba.

Elite One shi ne sunan rukunin farko na gasar ƙwallon ƙafa ta Kamaru, wato matakin da babu wani sama da shi a cikin ƙasa. Kalmar farko tana nufin zaɓaɓɓu, waɗanda suka yi zarra, da Faransanci da Ingilishi duka. Ta biyun kuwa, One, lamba ɗaya ke nan a Ingilishi. A bakin jama'a sau da yawa "shampiyona" za ka ji, tsofaffi kuma har gobe "dibiziyon" ta ɗaya suke cewa, domin da wannan sunan suka san ta. An fara gasar a 1961, shekara guda bayan samun 'yancin kai. Sunan Elite One daga baya ya zo, a shekarun 2000, lokacin da kamfanin waya na MTN yake ɗaukar nauyinta, shi ya sa ake cewa MTN Elite One. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FECAFOOT, ita ce uwar gasar, kuma tun Disambar 2021 Samuel Eto'o ne shugabanta.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, babu ƙungiyar da ta mallaki gurbi a wannan rukuni. Zaman haya ne, kowace kaka sai an sabunta. Wanda ya ci wasa yana samun maki 3, canjaras maki 1, wanda aka doke ya tashi hannu rabbana. A ƙarshen kaka waɗanda suka kwana a gindin tebur sai su gangara Elite Two, rukuni na biyu, waɗanda suka yi fice a can kuma su hauro su maye gurbinsu. Ƙasa da Elite Two akwai gasannin yankuna, kuma zakarun yankunan kan haɗu a wata gasar share fage da ake kira "interpoules", wadda duk wani mai bin ƙwallon Kamaru ya san zafinta. Ko yawan ƙungiyoyin ma ba a tsaye yake ba. An yi kakar da aka buga da 14, an yi da 16, an yi da 18, har an taɓa haura 20 aka raba su gida biyu, sannan na sama-sama suka sake karawa a tsakaninsu don fitar da zakara. Wanda ya ɗauki kambu shi ke wakiltar ƙasa a gasar zakarun Afirka ta CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta nahiyar.

Saboda haka idan aka ce "ƙungiyoyin Elite One", magana biyu ce. Akwai waɗanda suke ciki a kakar da ake bugawa, su yaron yake nufi. Akwai kuma duk waɗanda suka taɓa zama a ciki tun 1961, su ne na kawun, kuma nan labarin yake da daɗi.

Shekarun farko na Duwala ne. Oryx ce ta ɗauki kambun farko a 1961, ta ƙara a 1963, 1964, 1965 da 1967. Ita ce kuma ta fara ɗaukar kofin zakarun ƙungiyoyin Afirka a tarihi, da ta doke Stade Malien ta Bamako da ci 2 da 1 a birnin Accra a farkon 1965, Samuel Mbappé Léppé yana kyaftin. Maƙwabciyarta Caïman ta ci a 1962, 1968 da 1975. Léopards ta Duwala, inda Roger Milla ya fara suna, ta ci a 1972 da 1973. Yau sai ka yi ta duba tebur ba ka ga wasu daga cikin waɗannan sunaye ba. Mai kofin Afirka na farko ta faɗa ƙananan rukunai, ta daɗe a can, shi ya sa yaron mai shayi bai san ta ba.

Daga nan sai Yawunde ta karɓi ragama. Canon ta ɗauki kambu sau 10, na farko a 1970, na ƙarshe a 2002, ta kuma ci kofin zakarun Afirka sau uku, a 1971, 1978 da 1980. A gidanta Thomas N'Kono ya tsare raga, Théophile Abega ya riƙe tsakiya. Kishiyarta ta cikin gari, Tonnerre, ta ci sau 5 a tsakanin 1981 da 1988, kuma ita ta fara ɗaukar kofin Afirka na masu riƙe da kofunan ƙasashe a 1975. Ta hannunta George Weah ya bi kafin ya tafi Monaco a 1988, haka nan Japhet N'Doram, ɗan Cadi, da ya baro Tourbillon ta Njamena ya yada zango a Tonnerre kafin Nantes ta ɗauke shi. Union ta Duwala ba ta bar wa Yawunde fili ita kaɗai ba, ta zama zakarar Afirka a 1979, Joseph-Antoine Bell yana gola. Idan ka lura, daga 1978 zuwa 1980 babban kofin Afirka bai fita daga Kamaru ba, kuma tun daga 1980 ɗin bai sake dawowa ba.

Sunayen ma abin dubawa ne, don Bahaushe zai ga kamar daji aka shiga. Oryx mariri ne, Caïman kada, Léopards damisoshi, Aigle gaggafa, Gazelle barewa, Colombe kurciya. Waɗanda ba su ɗauko dabba ba sun ɗauko abin firgitarwa, Canon igwa, Tonnerre tsawa. Tamu ta Garwa, Coton Sport, ita ce ta zo da sunan abu mai laushi, auduga, kuma ita ta fi su duka tara kofi.

Kafin ta iso sai da yammacin ƙasa ya yi nasa zamanin. Racing ta Bafusam ta ci a 1989, 1992, 1993 da 1995, Unisport ta Bafang a 1996, Sable ta Batié a 1999, Fovu ta Baham a 2000. Ƙananan garuruwa ne idan aka gwada su da Duwala, amma akwai 'yan kasuwa masu son garinsu da suka zuba kuɗi.

Coton Sport an kafa ta a 1986, ƙarƙashin kamfanin auduga na Sodecoton wanda hedikwatarsa take Garwa. A farkon shekarun 1990 ta hauro rukunin farko, a 1997 ta ɗauki kambunta na farko, ta maimaita a 1998, ta ƙara a 2001. Daga 2003 zuwa 2008 kuwa sau shida a jere ta ɗauka, babu wanda ya ɗaga mata kai. Zuwa 2023 ta tara 18, ta bar Canon a baya da tazarar 8. A waje ma ta taɓa ƙofar ɗaukaka: ta kai wasan ƙarshe na kofin CAF a 2003, Raja ta Kasablanka ta hana ta, sannan a 2008 ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka. Al Ahly ta ci ta 2 da nema a Alƙahira, aka dawo filin Roumdé Adjia aka tashi 2 da 2. Duk wanda yake Garwa a ranar nan ya san yadda gari ya yi tsit da magariba. Daga wannan gida Vincent Aboubakar ya fito, ɗan Garwa, ya tafi Valenciennes ta Faransa a 2010, kuma shi ya ci ƙwallon da ta ba Kamaru kofin Afirka a kan Masar a 2017. 'Yan Nijar ma sun san hanyar, domin gola Kassaly Daouda da ɗan wasan gaba Kamilou Daouda duk sun sa koriyar rigar Coton.

To, ina sauran ƙungiyoyin arewa? Nan ne bambancin "ta taɓa bugawa" da "tana bugawa" yake fitowa sarari. Étoile Filante ta Garwa ta taɓa zama a rukunin farko. Sahel ta Marwa ta zauna, Espérance ta Gidar ta zauna, Danay ta Yagwa ta leƙo, ƙungiyar jami'ar Ngaundere ta yi nata kwanakin. A 'yan shekarun nan Gazelle ta Garwa ta hauro, har gari ya samu wasan hamayya na cikin gida. Amma a duk yankuna uku na arewa, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, Coton ce kaɗai ta taɓa ɗaukar kambu, sauran yawanci sun hau ne suka ɗan jima suka sauka.

A ganina dalilin bai tsaya a ƙafar 'yan wasa ba, yara masu iya taka leda suna nan birjik daga Kuseri har Meiganga. Hanya ce da aljihu. Mafi yawan ƙungiyoyin gasar a kudu suke, tsakanin Duwala da Yawunde da garuruwan yamma, inda mota za ta kai ka ka buga wasa ka kwana a gida. Daga Garwa zuwa Yawunde kuwa ya haura kilomita 1,000. Wanda ba shi da kuɗin jirgin sama sai ya bi mota zuwa Ngaundere, ya hau dutse mai kwana-kwana da ke kan hanyar, sannan ya kwana a jirgin ƙasa. Ƙungiyar Marwa ko Yagwa sai ta ƙara wasu ɗaruruwan kilomita a kan wannan. Kowane wasan waje akwai kuɗin mota, masauki, abincin mutum sama da ashirin, ga albashi yana jira a ƙarshen wata. Ƙungiyar da attajiri ɗaya yake riƙe da ita, ranar da kasuwa ta juya masa baya ita ma ta tafi. Coton tana da kamfani a bayanta, tana da wurin horar da yara nata na kanta, tana sayar da 'yan wasa waje ta samu na sake gini. Sauran suna shiga kokawa ne da wanda ya riga ya ƙoshi.

'Yan'uwanmu na tsallaken Logone sun san irin wannan tsari. A Cadi manyan ƙungiyoyin kusan duk a Njamena suke, Renaissance da Tourbillon da Gazelle da Foullah Edifice, kuma a cikinsu akwai masu jingina da kamfani, AS CotonTchad ta kamfanin auduga da Elect-Sport ta kamfanin wutar lantarki. Can matsalar ta juye ne, babban birni ya tattare komai, garuruwa irin su Mundu da Abeshe suna kallo daga nesa.

Akwai wani rikicin da ya taɓa sunan Elite One wanda ya sa wasu suka ruɗe a kan wane ne mai gasar. A 2011 an kafa hukumar gasar ƙwararru ta daban, LFPC, ƙarƙashin Janar Pierre Semengue, don ta riƙa gudanar da Elite One da Elite Two. Daga baya suka saɓa da FECAFOOT, aka yi ta kai ruwa rana har gaban kotun wasanni ta duniya, kakar wasa ta riƙa makara, 'yan wasa suna zaune. Shi ya sa idan kana bin tarihin shekarun nan za ka ga tsarin gasar yana sauyawa kusan kowace kaka, yau tebur ɗaya, gobe gida biyu.

Duk da mamayar Coton, ƙofa ba ta rufe ba. Tiko United ta ɗauka a 2009, ta zama ta farko daga yankin masu magana da Ingilishi. Union ta farfaɗo ta ci a 2012, shekara 22 bayan na 1990. UMS ta Lum ta ci a 2016 da 2019, Eding Sport a 2017. A 2020 annobar korona ta tsayar da wasanni PWD ta Bamenda tana saman tebur, aka ba ta kambu, na farko a tarihinta, a daidai lokacin da garinta yake cikin tashin hankali. Victoria United ta Limbe ta ɗauka a 2024, Colombe ta Sangmelima a 2025. Kurciya ke nan ta hau inda igwa da tsawa suka daɗe ba su hau ba, domin rabon Tonnerre da kambu tun 1988, kuma ita ma ta ɗanɗana zaman rukuni na biyu.

Musun teburin shayi bai ƙare a ranar ba. Yaron ya ciro waya ya nuna wa kawunsa teburin bana, dattijon ya sa tabarau ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ya tsaya a kan Canon ya gyaɗa kai, ya wuce wasu uku da ya ce bai taɓa jin su ba, sannan ya tambaya ko Étoile Filante tana nan da rai.