Robar lemo ba wurin ajiye fiya-fiya ba ce

Iyayena mata da masu gida, don girman Allah ku saurare ni. A asibitin da nake aiki a cikin birnin Kano na gaji da ganin abu ɗaya: a shigo da yaro ɗan shekara biyu ko uku a kafaɗa, yawu na dalala, numfashi sama-sama. In an tambaya, sai a ce fiya-fiya ya sha, ko kananzir. A ina ya samu? A robar lemo, a ƙarƙashin gado.

Yaro bai iya karatu ba, roba ya sani. Irin wadda aka ba shi zoɓo a ciki jiya ita ya gani yau, ya kafa kai. Haba jama'a! Sau nawa za mu faɗa?

Bayan an shawo kan ciwon kuma, sai ka ji uban yana cewa zai maka kamfani a kotu. Malam, da wace hujja? Gaskiya ne, dokar kare masu sayen kaya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta ɗora wa kamfani alhakin cutarwar da kaya mai aibi ya jawo. Amma in sun rubuta gargaɗi a jikin kwalba, kai da hannunka ka juye maganin a roba ka yar da kwalbar, za a ce sakacinka ne, kuma ba ka da abin nuna wa alƙali. Tun 2019 NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta hana sayar da maganin ƙwari na Sniper barkatai a kasuwa, domin maganin gona ne, ba na ɗakin kwana ba. Kai mai shago da kake ɗura shi a roba, ba suna ba gargaɗi, alhaki na wuyanka. Ke ma Hajiya, in ɗan maƙwabciya ya sha a ɗakinki, ke za a fara tuhuma.

Na san ba wadda ke son ɗanta ya cutu, na sha ganin hawayenku. Shi ya sa nake faɗa da zafi.

Ku bar kowane magani a mazubinsa na asali, ku ɗora shi sama ko ku kulle. In yaro ya sha, kar a sa shi amai, kar a ɗura masa manja ko madara. In ya zube masa a jiki, a cire kayan a wanke shi da ruwa da sabulu. A garzaya asibiti nan take, Murtala ko Hasiya Bayero ko wanda ya fi kusa, kuma a taho mana da robar, mu san abin da ya sha.