Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali

Muhammad Abu Ali (1980 zuwa 4 ga Nuwamba, 2016) hafsan sojan ƙasa ne na Najeriya wanda ya jagoranci bataliyar tankokin yaƙi ta 272 a yaƙin da ake yi da Boko Haram a Jihar Borno. An kashe shi a fagen daga a Malam Fatori yana da shekara 36.

Ɗan gidan soja ne kuma ɗan sarauta. Mahaifinsa, Birgediya Janar Abu Ali mai ritaya, ya yi gwamnan soja na Jihar Bauchi daga 1990 zuwa farkon 1992, daga baya ya zama Etsu na Bassa-Nge a Jihar Kogi. Shi kuma ɗan ya bi ta Kwalejin Horar da Hafsoshi ta Kaduna, wato NDA, ya fito ya shiga sashen motoci masu sulke.

Sunansa ya fito ne a 2015. A farkon watan Janairun shekarar mayaƙan Boko Haram suka mamaye Baga, suka kori sojojin da ke sansanin rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen yankin Tafkin Chadi, suka yi wa mutanen garin kisan gilla. A lokacin garuruwa da dama na Borno suna hannunsu, sojoji kuwa suna kukan rashin kayan aiki. Isowar tankokin T-72 na cikin abubuwan da suka sauya lamarin, kuma Abu Ali, yana Manjo, shi ne ke jan ragamarsu. A watan Fabrairu aka ƙwato Monguno, sannan Baga. A farkon Satumba aka karɓe Gamboru Ngala da ke kan iyakar Kamaru. Tanka kuwa ba ta yaƙi da kanta: sai da wanda ya san inda zai jefa ta, kuma sojojin ƙafa suka yarda su bi bayansa. Abin da waɗanda suka yi aiki da shi suka fi ambata ke nan, cewa a gaba yake shiga.

A Gamboru Ngala ɗin ne Babban Hafsan Sojan Ƙasa na lokacin, Tukur Yusuf Buratai, ya ɗaura masa anini na Laftanar Kanar, ƙarin girma na musamman tun lokacinsa bai yi ba, saboda jarumta. Irin wannan ba kasafai ake yinsa ba, balle a ce a bakin daga aka yi bikin.

Malam Fatori ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Abadam, dab da iyakar Nijar, kusa da Bosso. Ranar Juma'a da dare, 4 ga Nuwamba, 2016, mayaƙa suka far wa sansanin sojojin da ke garin. An daƙile harin, amma Abu Ali ya rasa ransa tare da wasu sojojinsa. Ranar 7 ga watan aka yi jana'izarsa da ta sojoji shida a maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke Abuja, inda aka ga Buratai yana share hawaye.

A watan Maris na 2017, bayan sojoji sun kama Camp Zairo, babban sansanin Boko Haram a Sambisa, rundunar sojan ƙasa ta gudanar da gasar harbi ta ƙananan makamai a cikin dajin Sambisa, ta kuma sa wa filin harbin sunansa.