Wa ke jin hirarmu a waya? Amsoshin tambayoyin da suka taso a majalisarmu ta Jidda

Daren Alhamis bayan isha'i mukan taru a gidan wani dattijonmu a Karantina, a sha shayi a taɓa hira. Makon jiya musu ya kaure tsakaninsa da ɗan ƙanensa mai karatu a Madina. Yaron ya dage sai kowa ya bar WhatsApp, dattijon ya ce, "Kai yaro, ni me nake ɓoyewa?" Da yake ni ake kawo wa waya in ta rikice, sai aka juyo kaina da tambayoyi. Ga su nan da abin da na amsa.

Da gaske kamfanin WhatsApp na karanta saƙonninmu?

Abin da ke cikin saƙon dai a'a. Tun watan Afrilun 2016 kowane saƙo a kulle yake fita daga wayarka, kuma wayar wanda ka aika wa ce kaɗai ke da makullin. Sai dai ɗan aike ko bai buɗe wasiƙa ba, ya san gidan da ya ɗauko ta da gidan da ya kai. Kamfanin ya san lambarka da irin wayarka da zaurukan da kake ciki da lokutan da kake hawa. Facebook ya sayi WhatsApp a 2014 a kan kusan dala biliyan 19, kuma ba sadaka ya yi ba. Shi ya sa da aka fito da sababbin sharuɗɗa a Janairun 2021, mutane suka yi ta tururuwa zuwa Signal da Telegram.

To wanda ba ya ɓoye komai fa, ina ruwansa?

A nan na ce, "Baba, ara mini wayarka in duba hotuna." Ya miƙo, sai kuma ya janye hannu, aka kwashe da dariya. A ciki akwai hoton igamarsa, wato katin izinin zamansa a Saudiyya, gaba da baya, da fasfon ƙanwarsa da ake nema wa bizar Umara, da rasiɗin kuɗin da yake turawa gida. Duka ya taɓa tura su a saƙo, wasu ma a zauren 'yan garinsu mai mutum sama da ɗari biyu, wanda rabinsu bai taɓa gani ido da ido ba. Kullen WhatsApp bai hana ko ɗaya daga cikinsu adana hoton ko tura shi gaba.

Ni kaina an taɓa yi mini. Saƙo ya shigo daga lambar wani abokina, wai ya yi kuskuren tura wasu lambobi shida wayata, in taimaka in mayar masa. Ina sauri zan fita, na tura. Kafin in kai bakin titi an fitar da ni daga WhatsApp ɗina, ana ta bin 'yan'uwana da sunana ana roƙon riyal ɗari biyar wai ina asibiti. Ashe shi ma abokin nawa ƙwace masa aka yi. Lambar da banki ko Absher (manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya) ko WhatsApp ya turo maka, ko wa ya tambaya kada ka bayar. Layin da ke wayarka da igamarka aka yi masa rajista, duk ɓarnar da aka yi da shi ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa.

Akwai kuma sirrin wasu da ke hannunmu. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tarar da ta kai riyal 500,000, ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya ko ya ɓata masa suna. Masu ɗaukar bidiyon mutane a kasuwa ko wurin biki suna zubawa a TikTok su ji da kyau.

Telegram ko Signal, wanne ya fi?

In sirri ake nema, Signal. Kullen da WhatsApp ke taƙama da shi ma daga can ya aro shi, kuma Signal ba kamfanin talla ba ne. Telegram kuwa sunansa ya fi aikinsa: hirar yau da kullum da ta zauruka tana ajiye a rumbunsu, sai ka buɗe hirar sirri da kanka, ita ma tsakanin mutum biyu kawai.

Shi wannan Mastodon da yaron ke ta ambata, mene ne?

Dandalin sada zumunta ne, wani matashi a Jamus, Eugen Rochko, ya fito da shi a 2016. Facebook da X (wato Twitter ta da) kowanne kamar gida ɗaya ne mai maigida ɗaya, in ya kore ka shi ke nan. Mastodon gari ne mai unguwanni da yawa, kowace da mai unguwarta da ƙa'idojinta, amma ɗan wannan unguwa na iya bin ɗan waccan su yi hira, kamar yadda mai Gmail ke aika wa mai Yahoo wasiƙa. In mai unguwarku ya ɓata maka rai, ka yi ƙaura da mabiyanka. Mutane sun ruga can sosai bayan Elon Musk ya sayi Twitter a Oktoban 2022 a kan dala biliyan 44. Wanda ya tuna yadda gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 har Janairun 2022 zai gane amfanin garin da ba ƙofa ɗaya gare shi ba.

Ke nan can ya fi sirri?

A'a, kuma nan ne na saɓa da yaron. Yawancin abin da ka rubuta a Mastodon a fili yake, saƙon bayan fage ma mai unguwa na iya karantawa in ya so. Ka tsere wa babban kamfani ka faɗa hannun wani mutum da ba ka san ko wane ne ba. Manyan ma ba su tsira ba: a 2022 wata kotu a Amurka ta samu tsohon ma'aikacin Twitter da laifin miƙa bayanan masu amfani da shafin ga jami'an Saudiyya. Kuma ko a wace manhaja ka yi rubutu, dokar ƙasar da kake zaune ce za ta hau kanka, mu kuwa baƙi ne a nan.

In haka ne, mu bar WhatsApp ɗin ko mu zauna?

Dattijon ne ya amsa wannan da kansa. Ya ce Hajiyarsu a Damagaram koren maɓalli ɗaya ta sani, shi take dannawa ta yi masa saƙon murya na minti bakwai duk safiya. "Ka je ka koya mata Signal ɗin, in ta iya sai in bi ku." Yaron ya sosa ƙeya. Kafin a watse dai mun kunna wa dattijon tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp ɗinsa, ya zaɓi lambar sirrinsa, muka goge hoton igamar daga zauren 'yan gari, ko da yake Allah kaɗai ya san wayoyi nawa suka riga suka adana shi.