Wai zomo ba ya shan ruwa?

Tun muna yara muke jin wannan maganar, wai in ka ba zomo ruwa cikinsa zai yi ta ƙugi, ya yi zawo ya mutu. Kuma masu faɗa ba da mugun nufi suke faɗa ba, zomon da ke cin ɗanyen ganye da damina kaɗan yake sha don ganyen ma ruwa ne, shi ya sa ake ganin kamar ba ya buƙata.

Amma gaskiya yana sha sosai ma. Zomo mai kilo 2 zai iya shanye mililita 200 zuwa 300 na ruwa a rana, in ana zafi ko harawa da dusa kawai yake ci ko uwa ce mai shayarwa to ya fi haka nesa. Zawon 'ya'yan zomo kuwa galibi daga ƙazantar keji ne da dattin mazubi da sauya abinci farat ɗaya.

Ƙugin ciki a hankali ba komai ba ne, hanji ne ke aiki. Abin tsoro shi ne ƙugi mai ƙarfi ga ciki ya kumbura, ya ƙi cin abinci, ba kashi har awa 12, zomo ba ya iya amai, wannan kam a ruga wajen likitan dabbobi.

Gwada da kanka, auna ruwan da safe, gobe ka auna ragowar, ka yi kwana 3. In shan ya ninka ba dalili a duba ƙoda da haƙoransa.

Don Allah a tura wa masu kiwon zomaye.