Moton indokshan: tambayoyin da yaran aiki suka fi yi min a Jidda

Na daɗe ina aikin lantarki a Jidda, yawanci fanfunan ruwa na gidajen bene wanda Larabawa ke ce wa dinamo, to akwai tambayoyin da ƙannenmu masu koyon aiki kullum sai sun maimaita, na ce bari in tara su waje ɗaya.

Yaya, wai ya ake yi yake juyawa alhali ba waya a tsakiyarsa?

Wuta layi uku ce ke shiga kwayil ɗin jikin moto, sai ta haifar da maganaɗisu mai zagayawa, shi kuma ya tayar da wuta a sandunan da ke jikin rota, wato ɓangaren tsakiya mai juyawa, rota ta bi shi a guje. Amma fa ba ta taɓa kamo shi, ranar da ta kamo shi ƙarfin juyawa ya ƙare. Shi ya sa moto mai fol huɗu, wato kawunan maganaɗisu huɗu, a wutar Saudiyya ta 60Hz, wato mai kai-komo sau 60 a daƙiƙa, maganaɗisu na zagaye 1800 a minti, amma a farantin bayanai da ke manne a jikin moton za ka ga wajen 1750. Tun 1888 Tesla ya yi masa rajista a Amurka, har yau shi ne jakin masana'antu.

Me ya sa fitilu ke dusashewa in an tada shi?

Saboda a tsaye yake, lokacin yana zuƙar wuta ninki biyar zuwa takwas na abin da yake ci in ya kama gudu. Ƙaramin moto ba damuwa, kwantakta, wato makunnin da ke haɗa masa wuta, da obalod mai yanke wutar in ya ja fiye da kima, ka ba shi wuta kai tsaye shi ke nan. Babba ne ke jawo rigima, musamman kan janareta.

To sta-delta fa, ba shi ne maganin komai ba?

A'a ƙanena, nan ne ma aka fi ƙona moto. Sta da delta hanyoyi biyu ne na haɗa kwayil ɗin moto, a tada shi a sta sannan a mayar da shi delta. A sta kowane kwayil kashi 58 cikin ɗari na boltej yake samu, wutar tashi ta koma kashi ɗaya cikin uku, to amma ƙarfin juyi ma haka yake komawa, in kaya mai nauyi ne sai ka ji moto na gurnani ya kasa kai gudu, taima ta jefa shi delta wuta ta yi tsalle kamar ba a yi komai ba. Sannan don Allah ku riƙa karanta faranti. In boltej ɗin layinka 400 ne, moton da aka rubuta 400/690 shi ake yi wa sta-delta. Wani yaro mai ƙoƙari wallahi, ya haɗa min moton 230/400 da sta-delta a wani gini, ya kuma murɗa obalod ƙarshe don kar ya dame shi, kafin mu sauko daga bene ɗakin fanfo ya cika da ƙaurin fenti, na taɓa jikin moton hannu ba ya zama. Raina ya ɓaci sosai, don duba minti ɗaya da ya hana.

Sof-stata da VFD wanne zan saya?

Sof-stata tashi da tsayawa kawai yake lallaɓawa, yana ɗaga boltej a hankali, bututu ba ya bugawa. VFD kuwa yana canja firikwensi, Hz ɗin wutar ke nan, wato gudun ma a hannunka yake, kuma a fanfo ko fanka in ka rage gudu zuwa kashi 80 wutar da ake ci tana iya sauka kusan rabi. Ni a fanfon da ke aiki dare da rana VFD nake zaɓa duk da tsadarsa, sai dai zafi da ƙura ba ya son su, kar ka rufe shi a akwati kan rufin gini cikin ranar Jidda ba iska.

Zan iya kawo fanfo daga Kano ko Khartum in sa a nan?

Can 50Hz ne, a nan gudunsa zai ƙaru da kashi 20, kuma fanfon zai nemi ƙarfi wajen ninki 1.7, moton ya yi ta zafi. Sai in faranti ya nuna 50/60, ko ka sa masa VFD ka tsayar da shi a 50.

In yana juyawa baya fa?

Kashe wuta, ka gwada ka tabbatar ta mutu, sannan ka musanya layi biyu cikin ukun.