Zanen Bayanan Muhalli

Zanen bayanan muhalli shi ne mayar da ma'aunai da alƙaluman da aka tattara a kan tsaunuka, dazuzzuka, tsirrai da namun daji zuwa hoto ko taswira. Masu kula da gandun daji kan yi amfani da shi don kwaɗaita wa jama'a fitowa su gane wa idonsu.

Tarihi

Akan danganta tushensa da Alexander von Humboldt, Bajamushen masanin da ya hau tsaunin Chimborazo a ƙasar Ekwado ta yanzu a watan Yunin 1802, tare da Aimé Bonpland, masanin tsirrai ɗan Faransa. Ba su kai ƙololuwa ba, wani wawakeken tsagi ya tare su a wajen mita 5,900. Zanen da ya fitar a 1807 ya nuna tsaunin kamar an tsaga shi biyu, sunan kowane tsiro a daidai tsayin da yake fitowa. A gefe kuma ya jera ma'aunin zafi, matsin iska, har da shuɗin sararin samaniya. Wani bincike na 2019 ya gano cewa tsirrai da yawa na saman zanen a wani tsaunin Ekwado daban mai suna Antisana aka tsinko su.

Wanda ya mayar da salon abin kiran baƙi shi ne Heinrich Berann (1915–1999), mai zane ɗan Ostiriya. A 1934 ya zana sabuwar hanyar mota ta tsaunin Grossglockner a Ostiriya. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa tsakiyar shekarun 1990 ya yi wa hukumar gandun dajin Amurka zane huɗu: North Cascades, Yosemite, Yellowstone da Denali. Berann bai ɗauki taswira a matsayin alƙali ba. Yakan ƙara wa tsauni tsayi, ya buɗe kwarin da ya matse, wani lokaci ya juya dutse sukutum domin fuskarsa mai kyau ta kalli mai kallo. Tsarin wurin dai na nan, kuskurin kuma da gangan ne.

Amfani a yau

Manhajojin eBird (2002) da iNaturalist (2008) na tattara bayanan tsuntsaye da sauran halittun da jama'a masu sha'awa suka gani. Daga bayanan eBird ake haɗa taswirori masu motsi da ke nuna ƙaurar tsuntsaye mako-mako.

Saɓani

Wasu na ganin bayyana wuri na jawo cunkoso da mafarauta, wasu kuma na cewa mutum ba ya kare abin da bai sani ba. Manhajojin biyu na ɓoye ainihin wurin da aka ga halittun da ke fuskantar barazana.