Sikeli mai laba da kilo: me dokar awo ta hana?

Magana ta bazu tsakanin mahauta da masu sayar da dankali a kasuwar Farin Gada ta Jos cewa duk wanda aka gani da sikeli mai rubutun laba a fuskarsa, kama shi za a yi. Har wasu sun fara ɓoye na gidajensu. Abin bai kai haka ba.

Dokar awo da ma'auni ta tarayya ce, tun 1974, kuma sashen awo na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ke aiwatar da ita. Ta tsayar da kilo a matsayin tushen awon nauyi a ƙasar nan. Ta shafi duk mai karɓar kuɗi a kan awo, daga mahauci har mai sayen kuza.

Inda ake ruɗewa shi ne sharaɗin amfani don ciniki. Sikelin da uwargida ke auna fulawa da shi a madafa ba ya ciki. Na shago shi ake so jami'i ya gwada, ya buga masa hatimi. Cikin laifuffukan akwai ciniki da sikeli mara hatimi, ko wanda aka taɓa cikinsa, ko tauye wa mai saye awo. Hukuncin kan kai ga tara ko ɗauri, a kuma ƙwace sikelin.

To ina laba ta shigo? Laba ɗaya giram 454 ce, ba ta kai rabin kilo ba. Kilo ɗaya laba 2.2 ne. Sikeli mai allura yakan zo da layin lamba biyu, na lantarki kuma maɓalli guda ke sauya shi. Mahaucin da ya karanta layin laba ya ce kilo biyu, giram 907 ya miƙa maka, ka yi asarar fiye da rabi. Ko da gangan ne ko kuskure, tauye awo ne.

Lissafin ba wuya. Daga laba zuwa kilo, raba biyu ka cire kashi ɗaya cikin goma: laba 50 ta zama 25, ta koma 22.5, daidai ɗinta 22.7. 

Gwaji mafi sauƙi shi ne ledar ruwa biyu masu rabin lita. A ɗora su, allura ta tsaya kusa da 1. In ta haura 2, laba ake karantawa.

Dokar ta yi daidai, don talaka ake cuta in awo ya lalace. Sai dai ƙaramin ɗan tebur da ya sayi sikelinsa a kasuwar Taminus, ba wanda ya taɓa gaya masa inda ake buga hatimi. Kamata ya yi jami'ai su shigo kasuwa da duwatsun gwaji, su faɗi kuɗin hatimi a bainar jama'a, su ba da rasit, kafin a fara maganar ƙwace.